Ba halin da ƙasa ke ciki ne kaɗai ke cika sinima ba

Masu sharhi kan ce fim ɗin Jaws na 1975 ya yi kasuwa ne don ya dace da zuciyar Amurkawa a lokacin: shugaban ƙasa Nixon ya sauka daga mulki a Agustan 1974, an yi asara a yaƙin Biyetnam, jama'a sun daina yarda da shugabanni. Ga kuma magajin gari a fim ɗin yana ƙin rufe bakin teku don kada 'yan yawon buɗe ido su gudu, alhali kifin shak na cinye mutane.

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta kawo kuɗin ba. An fara ɗaukar fim ɗin a Mayun 1974, Nixon yana kan kujera tukuna. Babu furodusan da ya san yadda zukata za su kasance bayan shekara.

Dabarar tana wajen sayarwa. A da, babban fim kan fara ne a 'yan gidajen sinima na manyan birane, ya bazu sannu a hankali. Amma kamfanin Universal ya saki Jaws rana ɗaya, 20 ga Yuni, a gidaje fiye da 400, bayan ya cika talabijin da talla dab da fitowarsa, kuma lokacin hutun makarantu ne. Ko firgicin da ake yabo, rabinsa tilas ce ta haifar da shi: kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, sai daraktan fim ɗin, Spielberg, ya riƙa ɓoye shi, kiɗa yana sanar da zuwansa.