Wa zai tambayi matanmu da harshensu?

Jiya da la'asar wata ɗalibata da ta gama digirin farko a sashenmu na nazarin zamantakewa ta shigo ofis idonta jawur. Tana son yin digiri na biyu a kan lafiyar haihuwa, wato abin da ya shafi ciki da naƙuda da tazarar haihuwa, amma babanta ya ce ba da yawunsa ba. Wai 'yar mutunci ba ta bin gidaje tana tambayar matan aure sirrin ɗakinsu, wai kuma duk shirin Turawa ne na rage mu. Ban ga laifin Alhaji ba, domin kusan kalmomin da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya faɗa mini ke nan lokacin da na fara.

Zargin nan yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Da aka zo 2003 aka ce allurar shan inna tana hana haihuwa, mutane ba su sha wahalar yarda ba, har jihar Kano ta dakatar da rigakafin sai a 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk mai bincike da ya shiga ƙauye da takarda da biro yana tambayar haihuwa, wannan tarihin yana gabansa tun kafin ya yi sallama.

To amma ni ra'ayina shi ne, wannan zargin shi ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata 'ya'yanmu su shiga fannin. Binciken nan ana yin sa ko da mu ko ba mu. Abin tambaya kawai, wa yake tsara tambayoyin, wa kuma yake fassara amsar.

Alƙaluma muna da su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya mata 512 ne ke rasuwa, kuma a Arewa maso Yamma mace kan haifi 'ya'ya 6.6 a ƙiyasi, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da nazarinsa kan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, ya nuna yadda mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka tsara abin da ake kira jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu daga cikin ukun nan suna faruwa ne kafin likita ya sa ido a kan mace. A tsakar gida suke faruwa, da zaure, da bakin hanya wurin jiran mota. Wannan filin mu ne, masu nazarin zamantakewa.

Na taɓa zama da wata mata a wani ƙauye, ta je awo sau huɗu cif, amma ta haihu a ɗaki. A takardar tambayoyi akwai gurbi na "nisa", na "kuɗi", na "miji bai yarda ba". Babu ko ɗaya da ya dace da ita. Sai da na rufe rikoda, muna tsince shinkafa, ta ce, "Malama, ni a kan gwiwa nake haihuwa. Can kuwa kwantar da ke za su yi, su ɗage ki, ga yara maza masu koyon aiki suna wucewa." Wata kuma maigidanta ya tafi cin rani bai bar izini ba, uwar miji ta ce a jira, aka jira kwana biyu. Yanzu tana cikin masu yoyon fitsari da ake kaiwa Babbar Ruga a Katsina. Ga kuma kunyar haihuwar fari, yarinya ta ciji leɓe ta ɓoye naƙuda tun dare don kada a ce ba ta da kunya. Wanda bai tashi a cikin wannan ba, ko da mai fassara goma, zai ji kalmomin ne kawai.

Tambayar da ta fi ba ni dariya ita ce "'ya'ya nawa kike so?" Amsar da za ki samu ita ce "sai abin da Allah ya ba ni", a rubuta ta a gurbin amsar da ba lamba ba, a ƙarshe wani ya zauna a Landan ya rubuta cewa matan Arewa sun miƙa wuya ga ƙaddara. Ki canza tambayar. Ki ce, "Kin taɓa yin kwanika?" Nan take za ki ji labari: yadda aka yi mata gori ciki ya shiga tana goyo, yadda yaron ya rame, yadda take son ta huta amma kishiya ta haihu bara. Mata suna da kalmarsu, hutu. Shekaru aka yi ana cewa ƙayyade iyali mutane na toshe kunne, da aka koma tazarar haihuwa, wadda ta dace da shayarwar shekara biyu da ke cikin Suratul Baƙara, malamai da yawa suka samu bakin magana. Sauraro ne ya kawo wannan sauyi.

Ba zan yaudari ɗalibata ba, aikin yana da ɗaci. Kuɗin bincike galibi daga waje yake zuwa, kuma yana zuwa da tambayoyinsa a shirye. Na yi wani aiki wata uku ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyuka, na yi hira, na kwafe, na fassara, da maƙala ta fito sai na tsinci sunana a layin godiya can ƙasa. Ƙarin girma a jami'a kuwa sai da wallafa, mujallu masu daraja da yawa sai an biya da dala, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Abin da ya fi damuna ma shi ne duk abin da matan nan suka faɗa mana da Hausa yana ƙarewa cikin Turancin da ba za su taɓa karantawa ba. Mu kanmu da laifinmu. Sau nawa muka koma ƙauyen muka ce ga abin da muka gano? Sau nawa muka shiga gidan rediyo?

Duk da haka ana iya yi daga nan gida. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken da aka wallafa a 2023 kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka samu ragin kashi 60 cikin ɗari na mummunan sakamako. Ita likita ce, aikinta yana farawa idan mace ta iso. Masu bin sawun abin da ke hana ta isowa ne muka yi ƙaranci. Kuma ba mata kaɗai ake buƙata ba. A Damagaram ta Nijar aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna awo da haihuwa a tsakaninsu. Ni ba zan iya zama a majalisar maza bayan isha'i ba, ɗalibaina maza kuwa duk siyasa da ta'addanci suke son rubutu a kai, wai wannan fannin na mata ne.

Na roƙi mahaifiyar yarinyar ta nema mini iso wurin Alhaji ranar Asabar. Zan tafi da takardar neman yarda da muke karanta wa mata kafin hira, wadda na fassara da kaina, ya karanta ya ga cewa ba a rubuta sunan kowa, kuma mace tana da damar cewa a'a a kowane lokaci. Zan kuma kai masa jerin tambayoyin 'yarsa ya duba da idonsa. A kan kwanika take son yin aikin.