Yadda Zanzaro Ya Cinye Mini Albashi

Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, kafin watan Yuli ya fita kuma ta haura 600. Na lissafa albashina sau uku, duk amsar ɗaya ce, saboda haka na kai motata 'yar Kwatano gindin dalbejiyar ƙofar gida, na lulluɓe ta da tamfol, na shiga gaya wa maƙwabta cewa likita ne ya umarce ni da yawan tafiya a ƙasa. Wata biyu ta yi a wurin, damina tana sauka a kanta, har zuwa ranar da uwargida ta shaida mini cewa ba za ta je bikin ƙanwarta a Wudil cikin motar haya ba alhali duk dangi sun san mijinta yana da mota.

Na yi kusan awa guda a layi a wani gidan mai da ke titin Zariya kafin a zo kaina. Yaron ya zura bakin famfo a tanki, ya matsa, sai muka ji ƙas, famfo ya tsaya. Ya sake matsawa, ya sake tsayawa, ko rabin lita bai shiga ba. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ai motarka a cike take." Na nuna masa allurar mai tana kwance a kan ja kamar ta suma. Ya juya bakin famfon dama, ya juya hagu, ya ɗan zaro shi, a karo na biyar kuwa motar ta yi gyatsa ta feso mini fetur a kan shaddar da na tanada domin ɗaurin aure. Na baya suka cika wurin da hon, wani mai adaidaita sahu kuma ya leƙo ya tambaye ni da iyakar gaskiyarsa ko motar azumin nafila take yi. Da ƙyar muka ɗura mata lita huɗu, kuma har wanda ta tofa mini sai da na biya kuɗinsa.

Abin mamaki, a hannun 'yan bumburutu ba ta gardama. Idan yaro ya kafa mazurari yana tsiyayawa daga galan a hankali, kamar mai ba majinyaci kunu da cokali, tana karɓa lami lafiya, sai dai kuɗin litarsu ya fi na gidan mai nesa ba kusa ba.

Da yake ni mutum ne mai son a ce ya waye, na ƙi zuwa garejin unguwa, na nufi babban kamfanin dillalan irin motar, inda ake gyara a cikin gini mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Samari ne tsaf-tsaf, kowa ya yi zanzaro da farar riga, kowa yana kirana Yallaɓai, har da shayi aka kawo mini, wanda sai da na ga takardar kuɗi na gane cewa shi ne shayi mafi tsada da na taɓa sha. Suka jona wa motar kwamfuta, suka ce murfin tanki ne, aka sa sabo. Na koma gidan mai, ƙas. Na dawo, suka ce lallai famfon da ke cikin tanki ne, aka sauke shi aka sa wani, rabin albashina ya bi shi. Na koma gidan mai, yaron nan yana hango ni ya miƙa wa abokin aikinsa famfo ya ce zai je alwala. A zuwa na uku aka ce wata na'ura ce da sai an yi odarta daga Legas, in dawo bayan mako uku. Kowane zuwa sai sun fita gwaji da motar sun ƙone ɗan man da na sha wuya na ɗura, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa tunanin kai ta gidan mai ya ga ciwon da idonsa, tunda kwamfuta ba ta ce a yi hakan ba. Biki dai a motar haya muka je, kuma daga Kano har Wudil uwargida ba ta ce mini uffan ba.

Wani abokin aikina ne ya ja ni wurin wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa. Bai tambaye ni takardar komai ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ta daɗe a ajiye?" Na ce wata biyu, Baba. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar ta wajen tayar baya, ya ciro wani siririn bututun roba, ya kafa baki ya hura har kumatunsa suka kumbura kamar na mai algaita, iska ba ta fita ba. Ya sa yaronsa ya kawo waya, ya zura, sai ga busasshiyar jar ƙasa tana zubowa, har da matattun tsutsotsi. Zanzaro ne ya samu laka a wadace da wuri shiru, ya gina ɗakinsa a ciki.

Ya yi mini bayanin da ban samu a ɗakin gilashi ba. Ya ce idan mai zai shiga tanki, dole iskar da ke ciki ta samu hanyar fita, kuma wannan bututun ne hanyarta. Idan ya toshe, sai man ya dawo sama ya rufe wata 'yar ƙaramar huda da ke bakin famfon gidan mai, famfon kuwa da zarar an rufe masa ita sai ya ɗauka tanki ya cika, ya tsaya. Daga baya na karanta cewa a 2011 wani kamfanin Japan ya janye dubban motoci a Amurka saboda gizo-gizo yana saƙa a irin wannan bututu, abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya. Baba ya ce in ba yara naira dubu biyu su sha ruwa.

Da na ba uwargida labari, ta ce ashe zanzaro biyu ne suka haɗu a kaina, ɗaya ya yi gini a bututu, sauran suka yi nasu a aljihuna.

Washegari na koma gidan man nan da ƙwarin gwiwa. Yaron ya matsa famfo yana ja da baya don kare rigarsa, mai ya shiga zuba babu tsayawa, lambobi suna gudu, shi da kansa ya yi kabbara. Ya ce, "Alhaji, yau kam a cika ta?" Na laluba aljihu, na taɓo rasit uku na kamfani da abin da ya rage, na ce masa ya yi sauri ya tsaya a lita biyar.