Crowther ba ɗan koren Turawa ba ne

Da zarar saɓanin Cocin Anglika ta Najeriya da Kantabari, cibiyar cocin a Ingila, ya sake tashi, sai wasu su jawo sunan Bishop Samuel Ajayi Crowther a Facebook, wai ai ɗan koren Turawa ne da ya share wa mulkin mallaka hanya. Wannan magana tana ƙona mini rai.

Yaron da aka kama bawa a Osogun, aka loda shi a jirgin 'yan Fotugal, sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar da shi a 1822, shi ne aka naɗa bishop a 1864, baƙar fata na farko a cocin. Masu zargin sun san wannan. Abin da suke tsallakewa shi ne zamansa da sarakunan Musulmi a bakin kogin Kwara. Ya riƙa zuwa Bida gaida Sarkin Nufe, Etsu Masaba, da izinin sarkin ma'aikatansa suka zauna, kuma ya hore su da su bar zagin addinin mutane. A fadar Ilorin, da aka tambaye shi game da Annabi Isa, Littafi Mai Tsarki ya buɗe ya karanta amsa, aka tashi lafiya. Da barasar Turawa ta addabi ƙasar Nufe, wa Etsu Maliki ya aika wa wasiƙa ya kai kukansa gaban Sarauniyar Ingila? Crowther. Sarki Musulmi ba ya damƙa irin wannan amana ga wanda bai yarda da shi ba.

Za a ce ai a jiragen 'yan kasuwar Turawa yake hawa kogin. To, wane jirgi ne ban da nasu a lokacin?

Turawan ne ma suka karya shi. A 1890, a Onica, wasu matasan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta Cocin Anglika, sa'o'in jikokinsa, suka dakatar da limamansa baƙaƙe a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Baƙin ciki da shanyewar jiki suka kwantar da dattijon, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891, aka ɗora Bature a kujerarsa. Sai a 2014 Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya fito ya nuna nadama.

Ya kamata a sa wasiƙar Etsu Maliki cikin darasin tarihi a makarantunmu. Masu wa'azinmu kuma, na coci da na masallaci, da suka mayar da lasifika makamin zagin juna, su ne suka fi kowa buƙatar karanta ta.