Haihuwa a ƙasar waje: lissafin da ya kamata a yi kafin a yanki tikiti

Mu da muke zaune a Ingila, akwai tambayar da ba ta yanke mana daga gida: matar wane tana da juna biyu, ana so ta zo nan ta haihu ko ta wuce Amurka, nawa za a tanada, kuma ta wace hanya ake bi? Masu tambayar mutane ne masu hankali da ke nema wa iyalinsu alheri. Sai dai na lura buri biyu ne suke cakuɗewa a cikin maganar, wato burin mace ta sauka lafiya da burin jariri ya samu fasfon wata ƙasa. Na farko hujja ce mai ƙarfi da babu mai raina ta. Na biyun kuwa ya zama ciniki mai haɗari, kuma a ganina cakuɗa su ne yake jefa iyalai cikin bashi, ya jefa mata cikin ƙaryar da ba su suka ƙirƙiro ba.

Tsoron haihuwa a gida tsoro ne na gaskiya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. A duk haihuwa 100,000 muna rasa mata kusan 1,000, alhali a Birtaniya adadin bai wuce goma sha ba. Da wuya a samu gidan da bai san wata da zubar jini ko jijjiga ta yi ajalinta ba. Don haka magidancin da Allah ya hore wa, idan ya ce ba zai bar matarsa ta yi naƙuda inda ake neman jini da tsakar dare ba, ban ga laifinsa ba.

Amma mai zuwa Ingila saboda fasfo ya makara da shekaru fiye da arba'in. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1983, ta soke tsarin da ke bai wa duk wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan Birtaniya. Yanzu sai ɗaya daga cikin iyaye ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, ko kuma yaron ya yi shekarunsa goma na farko a ƙasar kafin a nema masa rajista. Kemi Badenoch, wadda ta zama shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau a 2024, an haife ta ne a Wimbledon a 1980 bayan mahaifiyarta ta zo daga Najeriya, kuma irin labarinta ne har yau yake yawo a kawunan mutane, alhali ƙofar da aka shigo da ita ta rufe tun tana dab da cika shekara uku. Ailan ma ta rufe tata bayan zaɓen raba gardama na 2004. Ƙasashen Larabawa kuwa ba su taɓa buɗewa ba, kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin haka, domin a Makka da Jidda akwai 'yan'uwanmu da aka haifa a can, suka girma a can, amma haihuwar ba ta mayar da su 'yan Saudiyya ba.

Kuskure na biyu game da Ingila shi ne zaton asibiti kyauta ne. Kyauta ne ga mazauna ƙasa, kuma mu da muka zo aiki muna biyan kuɗin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara tun wajen neman biza. Wadda ta shigo da bizar ziyara kuwa, tun daga 2015 ana cajinta kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin da aka yi mata. Ba za a kore ta daga ɗakin haihuwa ba, domin doka ta ɗauki haihuwa a matsayin larurar da ba a jinkirtawa, amma takardar bashi za ta biyo ta, kuma awon ciki da haihuwa kan kai wajen fam 7,000 ko fiye, gwargwadon yadda abin ya zo. Idan bashin ya kai fam 500 kuma aka yi wata biyu ba a biya ba, asibiti na kai sunan mutum Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma hakan kaɗai ya isa a hana shi biza nan gaba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da irin wannan takarda ta iske kwanaki kaɗan bayan ta haihu. Tana riƙe da jaririyarta a hannu ɗaya, ambulan ɗin a ɗaya hannun, ta miƙo mini ta ce, "Anti, don Allah duba mini, ko dai kuskure suka yi? An ce mana ba a biya." Babu kuskure a ciki. Wanda ya shirya mata tafiyar ya karɓi kuɗinsa tun a gida, wayarsa kuma ta daina shiga.

Amurka ita ce ainihin inda idon masu neman fasfo yake, saboda gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1868, wanda ya bai wa wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗan ƙasa, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa shi a shari'ar Wong Kim Ark ta 1898. Amma hanyar zuwa can ta yi ta ƙuntata mataki-mataki. A Janairun 2020 Ma'aikatar Harkokin Waje ta fitar da ƙa'idar da ta bai wa jami'in biza damar hana duk wadda ya fahimci babbar manufar tafiyarta ita ce haihuwa don jariri ya samu zama ɗan ƙasa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin hana wannan 'yanci ga 'ya'yan baƙi masu zaman wucin gadi da marasa takardu, kotuna suka dakatar da shi, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli. A Yulin shekarar aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wa'adin wata uku, ofishin jakadancin Amurka kuma ya fito fili ya gargaɗi masu niyyar zuwa haihuwa. A Disamba aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ziyara da ta karatu, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Chadi da Sudan tun watan Yuni. Abin da aka ɗauka tabbatacce fiye da shekara ɗari ya koma abin jayayya a siyasa da kotu, kuma bai kamata mutum ya jingina dukiyar gidansa a kansa ba.

Kuɗin Amurka kuma ya bambanta da na Ingila ta wata fuska da ke rikita baƙo. A nan takarda ɗaya ce take zuwa. A can asibiti na da tasa, likitan da ya karɓi haihuwa na da tasa, mai allurar kashe zafi na da tasa, shi kansa jaririn ana buɗe masa nasa lissafin daban. Farashin da dillalai ke faɗa na haihuwa ce mai sauƙi. Idan aka shiga tiyata lissafin ya sauya, idan kuma aka haifi bakwaini aka sa shi a kwalba, kowace rana tana cin dubban daloli, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin haihuwar da aka je dominta. A haɗa da tikiti, da hayar masauki na wata biyu zuwa uku, tunda yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, sannan a jira takardar haihuwa da fasfon jariri kafin a dawo. Duk wannan da dala ake biya, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a 2024. Wasu idan abin ya fi ƙarfinsu sai a ba su shawarar su nemi tallafin lafiya na gwamnati da aka tanada wa marasa ƙarfi, ba tare da an gaya musu cewa wannan tarihin yana iya jiransu a gaban jami'in biza ba.

Shi kansa fasfon da ake wannan wahala dominsa, mutane kaɗan ne suke tambayar nauyin da ke tattare da shi. Yaro ba zai iya nema wa iyayensa izinin zama ba sai ya cika shekara 21. Amurka kuma tana bin 'yan ƙasarta da lissafin haraji a duk inda suke zaune a duniya, ko da ba su sake taka ƙasar ba tun suna cikin zanin goyo. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya, an haife shi a New York a 1964, kuma sai da hukumar harajin Amurka ta bi shi a kan gidan da ya sayar a Landan kafin daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar. Ban ce fasfon ba shi da amfani ba, yana buɗe ƙofofin karatu da aiki da tafiye-tafiye. Amma alƙawari ne na tsawon rai da aka ɗaukar wa wanda ba a shawarta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake koya wa mata ɓoye ciki. Ana ce wa mace ta sa babbar abaya, ta ce yawon buɗe ido ta zo, kada ta ambaci asibiti. Namijin da ya biya kuɗi yana gida, ita ce za ta tsaya a gaban jami'in shige da fice da kumburarrun ƙafafu bayan tafiyar sa'o'i masu yawa, ita ce za ta furta ƙaryar, kuma idan asiri ya tonu sunanta ne zai shiga kundi. A dokar Amurka, samun biza ta hanyar ɓoye gaskiya da gangan na iya jawo haramcin shiga ƙasar na har abada, a Birtaniya kuma yana iya kaiwa shekara goma. Ko da babu hukumar da za ta kama mutum, bai dace Musulmi ko Kirista ya fara tarihin ɗansa da yaudara ba.

Sai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowa, wato jego. A gida mace tana tafiya goyon ciki wajen iyayenta, akwai mai dafa ruwan wanka tun asuba, akwai mai dama kunun kanwa, akwai mai karɓar jariri don ta runtsa, ranar suna kuma gida cike yake da 'yan barka. A nan, idan haihuwa ta zo da sauƙi, ana iya sallamar mace a rana ɗaya ko washegari. Tsarinsu yana da kyawunsa, domin ungozoma tana biyo mai jego har gida ta duba ta da jaririn, abin da nake fatan mu samu a garuruwanmu. Amma ungozoma minti kaɗan take yi ta tafi. Na ga mai jego a ɗaki ɗaya na haya, cikin hunturu, tana tafasa ruwa a butar lantarki tana juyewa a bokiti don ta gasa jikinta, jariri na kuka a kan gado, mahaifiyarta kuma tana cikin waya tana faɗa mata yadda za ta yi, domin ba a ba ta biza ba. An raɗa sunan yaron a masallaci, aka yanka ragon a gida, ita hotonsa kawai ta gani.

Kuma zuwa waje bai zama tabbacin tsira ba. A Birtaniya binciken mace-macen masu haihuwa ya daɗe yana nuna cewa baƙar fata ta fi farar fata shiga haɗari ninki biyu ko fiye, a Amurka ma haka abin yake. Wadda ta sauka da ciki wata takwas, ba tare da likitan da ya san tarihinta ba, ba ta kuma jin harshen sosai, ita ce ta fi saurin faɗawa cikin wannan rukuni.

Idan likita ya ce ciki na da matsalar da ta fi ƙarfin asibitocinmu, to a tafi, amma a tafi ta ƙofar gaba. Birtaniya na da tanadin ziyara don neman magani da kuɗin mutum, ana gabatar da wasiƙar likita da shaidar iya biya, a faɗi gaskiya tun a takardar neman biza, a kuma tanadi abin da zai isa ko da an shiga tiyata. Idan kuwa ciki lafiya yake, kaɗan daga cikin kuɗin tafiyar ya isa a samu ƙwararren likitan mata a Kano ko Kaduna ko Abuja tun farkon ciki, a riƙa zuwa awo a kan kari, a tanadi jini da mota tun kafin naƙuda ta zo.

Waɗanda ke iya fita da matansu su ne dai masu faɗa a ji a ma'aikatu da majalisu da kasuwanni, kuma duk lokacin da suka fita, asibitin garinsu ya rasa mutumin da zai iya ɗaga waya a gyara shi. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ina so in ga masu hali da mu mazauna waje muna bin diddigin wannan shiri a jihohinmu, muna tambayar asibitoci nawa ya kai, ko akwai wuta a ɗakin tiyata, ko akwai jini a ma'ajiya, da kuma ungozoma nawa ke kwana a bakin aiki a asibitin ƙaramar hukuma.