Wai Mu Je Mu Sayi Abin Toshe Kunne

Tun watan Fabrairun 2025, da aka ci tarar wani fasinja a tashar jirgin ƙasa ta birnin Nantes a Faransa don ya saki muryar wayarsa yana hira kowa na ji, nake bin ce-ce-ku-cen da ya biyo baya. Ko Yuro 200 ya yi yawa ko bai yi ba, lauyoyi su ji da wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ake jefa wa duk wanda ya yi ƙorafin hayaniya a ko'ina: in ƙara ta dame ka, je ka sayi abin toshe kunne.

Dubi yadda aka murɗe maganar. Wanda ya cika wuri da sauti ya wanke hannunsa, wanda aka cika wa kunne shi zai taɓa aljihu. 'Yan kasuwa kuwa tuni suka gano bakin zaren: iyafis mai kashe ƙarar waje ya zama abin rububi, gidan da ke nesa da babban titi ya fi na bakin titi daraja. Shirun da kowa ke da rabo a cikinsa kamar iska ya koma kayan masu hannu da shuni. Mara ƙarfi ya zauna gefen titi ko filin jirgin sama, a ce masa ya yi haƙuri, zai saba.

Wannan "zai saba" ita ce ta fi ƙona mini rai. Hankali ne ke sabawa, jiki bai san wannan yarjejeniya ba. Mutum na barci kunnensa na aiki. Babbar mota ta wuce, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, ko da bai farka ba. Jiki magayi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarar ababen hawa na cinye aƙalla shekaru miliyan ɗaya na rayuwa cikin ƙoshin lafiya duk shekara a yammacin Turai kaɗai. A 2018 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 53, da dare kuma 45. Hirar mutum biyu fa ta kai kusan 60, kuma a wannan ma'auni ƙarin 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma.

Wanda ke son hujjar da za ta shiga kai ya tuna binciken Arline Bronzaft na 1975 a wata makarantar firamare a New York. Gini ɗaya, unguwa ɗaya, yara iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne wasu azuzuwa na fuskantar layin dogo, jirgi na wucewa bayan 'yan mintoci, malami ya yi shiru har ya wuce. 'Yan aji shida na wannan ɓangare sun kasance baya a karatu da kusan shekara guda. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara silin azuzuwan, tazarar ta ɓace. A lura: ba a raba wa yaran auduga su cusa a kunne ba, wurin da ƙarar ke fitowa aka gyara.

Masu cewa hayaniya alamar rayuwa ce, gari mai shiru maƙabarta ne, ina roƙonsu su kwana uku kusa da injin da ba ya hutawa sannan mu yi magana. Masu kukan 'yanci kuma sun manta kunnen maƙwabci ba filin kowa ba ne.

Ina zargin ma da yawanmu tsoron shirun muke yi. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya zaunar da mutane su kaɗai na minti 15, ba waya, ba littafi. Kashi biyu cikin uku na mazan da kashi ɗaya cikin huɗu na matan suka gwammace su danna abin da zai ja su da lantarki a kan su zauna da tunaninsu. Wanda ba ya iya minti 15 da kansa, ina zai bar ka ka yi naka?

Maganin da ake tallata mana ma yana da dafi. Mai iyafis na gama-gari ƙara sauti yake yi don ya danne hayaniyar waje, alhali ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Hukumar Lafiya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

A Birtaniya jam'iyyar Liberal Democrats ta nemi tarar da za ta kai fam 1,000 ga masu sakin sauti a bas da jirgin ƙasa. Ni adadin bai dame ni ba, muddin nauyin ya koma kan mai yin ƙarar. Hukumomi su auna, su sa iyaka, su hukunta. Su kuma fara da manyan tituna da injuna kafin su kai kan mai waya.