Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Daren Talata na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, na tarar da samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna shewa. Na ɗauka ƙwallo ce. Ashe wani suke farauta. Akwai wani shafi a Facebook mai sunan aro da ya yi watanni yana rubutu a kan asibitin unguwa: babu magani, babu ruwa, mata na haihuwa da hasken tocila. Mai shafin ya taɓa mantawa ya bar lambarsa a ƙarƙashin wani rubutu. Ɗaya daga cikin samarin ya kwafe ta, ya zuba a manhajar tura kuɗi kamar zai aika naira ɗari, sai ga cikakken suna ya fito. Kafin shayina ya huce sun nemo hotonsa, sun gane ƙofar gidansu, har sana'ar mahaifiyarsa sun rubuta, sun tura wa wani yaron ɗan siyasa. Ladan aikin katin data ne.

Ƙannena, wallahi na kasa barci. Yaron nan ɗan layinku ne. Wataƙila a asibitin da yake wa kuka aka haifi wasunku.

Kullum kuna ƙorafin gwamnati na leƙen asirin mutane, kuma ba ƙarya kuke ba. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, yau duk kiran da ka yi yana ɗaure da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu, an kuma yi masa gyara a 2024. Kun tuna ɗalibin nan na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a Nuwambar 2022 saboda rubutu ɗaya a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin aka janye ƙarar. Kun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Duk kun san wannan. To da wane ido kuka kalli wannan ƙasar, sannan kuka ɗauki sunan talaka ɗan'uwanku kuka miƙa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai mulki yana da na'ura, amma na'ura ba ta san wace ƙofa ce ta gidan su wane ba, ba ta san lokacin da yake fita masallaci ba. Ku kuka sani. Da ɗan gari akan ci gari.

Na san abin da za ku ce: in yana da gaskiya me ya sa ya ɓuya? Ya ɓuya ne don ya san irinku suna nan. Ma'aikacin da ya ga ana karkatar da kayan marayu, matar da ake duka a gida tana neman shawara, malamin makarantar da aka yi wata huɗu ba a biya shi ba, duk in sun fito da sunansu abincinsu ya ƙare. Ban manta da masu fakewa da sunan bogi suna zagin malamai da iyayen mutane ba, waɗannan Allah Ya shirye su, su ma sun ishe mu, kamar yadda cacar ƙwallo da ƙwaya suka ishe mu. Amma wanda ya ce babu magani a asibiti, wa ya zaga?

Kuma abin ya zama ɗabi'a, shi ne ke ƙona mini rai. Aboki ya yi maka maganar sirri a WhatsApp, ka ɗauki hotonta ka ajiye don ranar faɗa. Yarinya ta kai gyaran waya, a kwashe hotunanta. Saurayi da budurwa su ɓata, gobe muryarta na yawo a gari. Mutum ya kira ka yana kukan bashi, kai kana naɗa. Yanzu har dattijo in zai yi magana a majalisa sai ya dubi hannun yara tukuna. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, an kuma sa hannu a dokar kare bayanai a Yunin 2023. Amma tun kafin su Allah Ya faɗa a Suratul Hujurat cewa kada ku yi bincike a kan juna, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Kun haddace, kun kai allo, ina ya tafi?

Ku ji tsoron Allah, ku yi wa kanku faɗa. Wanda ya ba ku data yau don ku nuna wani, gobe in kujera ta juya wani zai ba wa don ya nuna ku, kuma duk abin da kuka taɓa rubutawa yana nan a ajiye. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mu da muka tashi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baƙo ya zo yana tambayar gidan wane, tsoho zai ce daga ina, lafiya, sai ya gamsu kafin ya nuna. Namiji ba ya wuce zaure sai an yi masa izini. Mahaifina ba ya karatun boko. In wasiƙa ta zo daga Legas, wani maƙwabci ke karanta masa, kuma mutumin nan har ya koma ga Allah ba mu taɓa jin kalma ɗaya ta fita daga bakinsa ba. Shekara ashirin yana riƙe da asirin gidaje goma.

Jiya da safe na duba, an goge shafin. Mai shayi ya ce tun ranar Laraba ba a ga yaron a masallaci ba, mahaifiyarsa ma ba ta fito da ƙosai ba.