Wayar taka ce, makullin yana hannun kamfani

A 2004 kamfanin Verizon na Amurka ya fara sayar da wayar Motorola V710 yana tallar cewa tana da Bluetooth. Sai da mutane suka kai ta gida suka tarar an toshe hanyar tura hoto zuwa kwamfuta ta Bluetooth ɗin. Hoton da ka ɗauka da hannunka, in kana son tura shi ta iska, sai ka bi ta layin kamfanin ka biya. A 2005 masu wayar suka yi wa Verizon taron dangi a kotu a Kalifoniya, aka ƙare da sulhu: dala 25 ga wanda zai ci gaba da riƙe wayar, wanda kuma ya gaji ya mayar da ita ya bar layin ba tara.

Kamfanoni suna da tasu hujjar. Sukan ce sun karya farashin wayar ne saboda yarjejeniyar shekara biyu, dole su kulle ta kada a gudu da ita wani layi. Wannan kam da ƙamshin gaskiya, kuma irin waɗannan wayoyin ne ke isowa Kano a kulle, sai an kai su kasuwar waya ta Farm Centre an buɗe. Amma me ya haɗa bashin waya da hana mutum tura hoton ɗansa? Wannan tatsa ce kawai.

Dala 25 ba ta taka kara ta karya ba, lauyoyi ma su suka fi cin moriya. Duk da haka ƙarar haɗin gwiwa ita kaɗai ce ke sa kamfani ya shiga taitayinsa, domin cutar dala 25 sau dubban ɗaruruwan mutane ba ƙaramar dukiya ba ce.

Wannan ƙofar ce Kotun Ƙolin Amurka ta kusa rufewa a 2011. Wasu ma'aurata, iyalan Concepcion, sun kai AT&T ƙara kan harajin dala 30.22 da aka caje su a wayoyin da aka ce kyauta ne. Alƙalai biyar cikin tara suka ce sharaɗin da ke cikin takardar yarjejeniya, wanda ya tilasta kowa ya je gaban mai sasanci shi kaɗai, yana nan daram. Wane lauya ne zai ɓata lokacinsa kan dala 30?

Sai aka koma jiran hukuma. FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, ta kai AT&T kotu a 2014 saboda rage gudun intanet ga waɗanda aka sayar wa data "mara iyaka". Kamfanin bai amince ya biya dala miliyan 60 ba sai 2019.